Olivier Messiaen: Bafaranshen da Ya Yi Almajirci Wajen Tsuntsaye

Mu a Hausa tsuntsu kuka yake yi. Kurciya kuka, kanari kuka, har suda da ake yi wa kirari da surutu, ba wanda ke cewa waƙa take rerawa. To akwai wani mutum a Faransa da ya shafe shekara arba'in yana tashi tun kafin asuba, ya ɗauki littafi da fensir ya shiga daji, ya tsaya gindin bishiya yana rubuta wannan kukan gaɓa bayan gaɓa, kamar ɗalibin da ke gaban malami. A wajensa waƙa ce cikakkiya, masu yin ta kuma sun fi shi gwaninta. Sunansa Olivier Messiaen, a baki a ce Mesiyan. Ya rasu tun 1992, kafin a haifi kusan duk mai karanta wannan mujalla, har da ni.

Na san wani zai ce, duk ga manyanmu a gida, me ya kai ni ga makaɗin coci a Paris? Ku yi mini haƙuri zuwa gaba kaɗan. Wasu daga cikin malaman nasa masu fukafukai a ƙasarmu suke cin rani.

Abin da Turawa ke kira kiɗan kilasik shi ne kiɗansu na manya, kusan yadda muke ɗaukar kiɗan fada, sai dai su rubuta nasu suke yi. Ana ja layuka biyar a takarda, a ɗiga alamomi a kansu, kowace alama ta nuna tsayin murya da daɗewarta. Wanda ya iya karatun zai kaɗa abin da aka rubuta shekara ɗari biyu baya ba tare da ya taɓa jin sa ba. Kuma tun da daɗewa masu wannan sana'a suna sako tsuntsu a ciki. Vivaldi na Italiya ya yi haka a kiɗansa na bazara da aka buga a 1725. Beethoven na Jamus, a wani babban kiɗa da ya fitar a 1808, ya sa kayan busa sun kwaikwayi tsuntsaye uku. Amma duk wannan ado ne, kamar yadda mai tatsuniya kan yi kukan kura don yara su yi dariya, sannan ya koma kan labarinsa. Messiaen ne ya mai da tsuntsun ya zama shi ne labarin.

An haife shi ranar 10 ga Disamba, 1908, a garin Avignon da ke kudancin Faransa. Mahaifinsa Pierre malamin Ingilishi ne da ya fassara wasannin Shakespeare zuwa Faransanci, mahaifiyarsa Cécile Sauvage kuma marubuciyar waƙoƙi ce. Ya yi ƙuruciyarsa a Grenoble, gari mai duwatsu, ya fara koya wa kansa piyano tun kafin a samo masa malami. Yana ɗan shekara 11 ya shiga babbar makarantar kiɗa ta Paris. A 1931 aka ba shi aikin kaɗa ogan, wato babban abin kiɗan coci mai bututai, a cocin Trinité. Shekararsa 22 a lokacin, daidai shekaruna yau, ni da har yanzu nake fama da furojet. Ya riƙe wannan aiki shekara 61, har mutuwarsa.

Kirista ne ɗan Katolika mai riƙo da addininsa sosai, kuma ba a fahimtar sha'aninsa da tsuntsaye sai an san haka. Yana ganin kukansu yabon Mahalicci ne. Wannan kam ba baƙon zance ba ne a kunnen Musulmi, mu da muka tashi da labarin tsuntsayen da ke tasbihi tare da Annabi Dawuda, da Annabi Sulaimana da aka sanar da shi maganar tsuntsaye, da alhudahudan da ya kawo masa labarin Saba'u.

Da Yaƙin Duniya na Biyu ya tashi aka ɗauke shi soja, amma saboda raunin idonsa sai aka sa shi cikin masu taimakon likitoci. A 1940 Jamusawa suka kama shi, suka kai shi sansanin fursunonin yaƙi a Görlitz, wurin da yau ya faɗa cikin ƙasar Poland. Ga yunwa, ga sanyin da jauranmu ba ya kama ƙafarsa. A cikin fursunonin akwai makaɗa uku: Henri Akoka mai busa kilarinet, wani abin busa dogo da ya ɗan yi kama da algaita, da Jean Le Boulaire mai gogen Turawa, da Étienne Pasquier mai babban goge. Wani mai gadi Bajamushe da ke son kiɗa ya samo masa takarda da fensir. Da abin da ke hannu ake miya: ya tsara kiɗa na mutum huɗu, su ukun da shi kansa a piyano, ya sa masa suna da ke nufin kiɗan ƙarshen zamani. Ranar 15 ga Janairu, 1941, suka kaɗa shi a wani ɗakin katako, gaban fursunoni da masu tsaronsu. Daga baya shi Messiaen ya riƙa cewa mutum dubu biyar ne suka saurara, masu bincike kuwa suka gano ba su wuce kamar ɗari huɗu ba. Ashe ƙarin gishiri ba Bahaushe kaɗai ya iya shi ba.

Abin da ya shafe mu a kiɗan nan shi ne yadda ya fara. Asuba ce, tsakanin ƙarfe uku da huɗu. Kilarinet na yin wani baƙin tsuntsu mai rawayan baki da Faransawa ke kira merle, goge kuma na yin wanda suke kira rossignol, Larabawa su ce andalib, ɗan ƙaramin tsuntsu mai ruwan ƙasa da ya yi suna wajen rera murya cikin dare. Mutumin da aka kewaye da waya mai ƙaya, abin da ya zaɓa ya buɗe da shi halittar da waya ba ta tare ta.

A shekarar aka sake shi, ya koma Paris ya zama malami a makarantar da ya yi karatu, inda ya koyar har 1978. Manyan masu tsara kiɗa na bayan yaƙi irin su Boulez da Stockhausen da Xenakis duk sun zauna gabansa. Wannan ɓangaren na bar wa masu ilimin.

Juyin ya zo a 1952. Har zuwa lokacin tsuntsayensa na tunani ne, abin da kunne ya riƙe. A shekarar ya je wajen wani masanin tsuntsaye mai suna Jacques Delamain a yankin Charente, wanda ya koya masa bambanta su ta murya, ya san wane ne ke magana, da wane lokaci yake yi, da irin bishiyar da yake so. Mutum yana da shekara 43, ya riga ya yi suna a duniya, sai ga shi ya koma ajin farko. Daga nan ya shiga cika littattafai. Ya rubuta kwanan wata, da ƙarfe nawa, da sunan wurin, da launin sararin sama, sannan kukan kansa a layukan nan biyar, da sauri, domin tsuntsu ba ya maimaita wa ɗalibi darasi. Ya bar irin waɗannan littattafai kusan ɗari biyu, suna ajiye yau a babban ɗakin karatu na ƙasar Faransa.

A nan ne wahalar take, kuma a nan na fi jin daɗin labarinsa. Kukan tsuntsu ba ya shiga piyano haka kawai. Da fari dai ya cika sauri: a cikin daƙiƙa ɗaya ƙaramin tsuntsu kan jera sautukan da yatsun ɗan'adam ba za su iya bi ba. Sannan muryarsa tana can sama, wani lokaci ta wuce inda maɓallan piyano suka ƙare. Sai babbar matsalar: piyano kamar matakalar bene yake, daga wannan maɓalli sai na gaba, babu komai a tsakani, tsuntsu kuwa a tsakanin yake yawo. Ga shi kuma maƙogwaronsa ba irin namu ba ne. Abin da ke fitar masa da murya yana can ƙasa inda bututun iska ya rabu biyu, don haka wasunsu kan fitar da sauti biyu lokaci guda.

Dabarar Messiaen ita ce ya rage saurin, ya sauko da muryar ƙasa, sannan ya buɗa tazarar. Inda tsuntsu ya ɗaga da ɗan ƙanƙanin abin da piyano ba shi da shi, sai ya mai da shi mataki guda. Inda ya ɗaga fiye da haka, sai ya ƙara gwargwado, ta yadda fasalin zai tsaya yadda yake. 'Yan sashen zane-zanen gini sun san wannan, sikeli ne kawai: gidan da ke takarda ba girman na ƙasa ba ne, amma ɗaki bai canja wuri ba. Don ya samo kalar muryar kuma, ko kaifi ko kauri, sai ya ɗora wa kowane sauti wasu sautukan a danna su tare. An ce ma in ya ji sauti yakan ga launi a ransa, shi ya sa bayanan da yake rubuta wa makaɗa suke cike da ja da shuɗi da ruwan zinariya.

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san irin wannan aikin, ko da bai taɓa ganin piyano ba. Kalangu ba shi da harshe, ba shi da leɓe, ba zai iya furta ko baƙi ɗaya ba. Amma makaɗi ya matse igiyoyin a hammata ya sassauta, murya ta hau ta sauka yadda maganar Hausa ke hawa da sauka, sai ka ga mutum ya waiwaya don ya ji an kaɗa takensa. Kalmomin sun zube, fasalinsu ya rage, fasalin kuma ya isa. A kan irin wannan kalangu ne Alhaji Mamman Shata, wanda kabarinsa ke nan Daura tun 1999, ya ɗora waƙoƙinsa, har da waɗanda ya yi wa marigayi Sarki Muhammadu Bashar. Makaɗin kalangu yana fassara bakin mutum zuwa fata. Messiaen yana fassara bakin tsuntsu zuwa piyano. A ganina sana'a ɗaya ce, kuma mu ya kamata mu fi Turawa saurin gane ta.

Abin da ya fara fitowa daga sabon karatun shi ne Réveil des oiseaux, wato farkawar tsuntsaye, a 1953. Babu komai a ciki sai kukan tsuntsaye iri 38, daga tsakar dare zuwa tsakar rana, kowanne ya shigo a lokacin da ya saba tashi. Da aka kaɗa shi karon farko a Jamus, jama'a ba su wani motsa ba. Bai fasa ba. Tsakanin 1956 da 1958 ya rubuta aikin da aka fi saninsa da shi a wannan fanni, Catalogue d'oiseaux, kundin tsuntsaye: kiɗa 13 na piyano kaɗai, tsuntsaye iri 77, in aka kaɗa shi duka ya kusa awa uku. Kowane kiɗa yana da tsuntsunsa da yankinsa na Faransa, da maƙwabtansa, da ruwa ko dutse ko iskar wurin. Mafi tsawo a ciki, na wani ɗan tsuntsun fadama ne mai zama cikin ciyawar bakin tafki, yana bin sa daga tsakar dare har dare ya sake zagayowa, har da kukan kwaɗi.

Wadda ta fara kaɗa kundin nan a bainar jama'a, a watan Afrilun 1959, tsohuwar ɗalibarsa ce, Yvonne Loriod. Shekarun nan ba su yi masa daɗi a gida ba. Matarsa ta farko, Claire Delbos, uwar ɗansa Pascal, ta daɗe tana jinyar ciwon da ya tafi da tunaninta, ta rasu a wannan watan. A 1961 ya auri Loriod. Abin dariya, sunanta a bakin Faransawa daidai yake da na wani tsuntsu rawaya da ke cikin kundin. Ita ce ta zama abokiyar shiga dajinsa: shi da fensir, ita da rikoda, in sun koma gida ya gwada abin da ya rubuta da abin da na'ura ta ɗauka.

Gaskiya ɗaya ce, kiɗan nan ba na biki ba ne. Duk wanda ya nemo shi a YouTube yana jiran abin rausayawa, minti biyu zai yi ya ce wani ne ya zubar da kwanuka. Turawan ma haka suka yi. A 1962, da aka kaɗa wani aikinsa a Paris inda masu goge 18 kowa ke bin tsuntsunsa daban a lokaci guda, ihu aka yi masa a zauren. Akwai kuma masu cewa bayan an rage sauri an sauko da murya, abin da ya rage Messiaen ne, tsuntsun ya tashi. Ni dai na fi karkata ga cewa suna da rabin gaskiya, kamar yadda taken kalangu rabi na mai take ne, rabi na makaɗi. Amma in mutum ya taɓa tsayawa gindin kuka ko tsamiya bayan sallar asuba ya kasa kunne, ya san hayaniyar da aka yi wa ihu a Paris haka take, kowa na nasa, ba mai jiran wani, kuma ba ta zama shirme ba.

To mu dawo gida. Yawancin ƙananan tsuntsayen Turai masu cin ƙwari ba sa iya sanyin can. Da kaka ta yi sai su taso, su ƙetare Bahar Rum, su ƙetare Sahara, wasu ba su fi gram goma sha biyu zuwa ashirin ba, nauyin da bai kai na ƙwallon goro babba ba. Inda suka fara samun bishiya da ruwa bayan hamada shi ne wannan ɗamarar tamu, daga Senegal zuwa tafkin Chadi, Daura da Mai'aduwa da Zango da Baure da Sandamu duk suna ciki. Andalib ɗin da ya buɗe kiɗan sansanin Görlitz a Afirka ta kudu da Sahara yake cin rani, har da Nijeriya. Ɗan tsuntsun fadamar nan mai kiɗa mafi tsawo a kundin, haka. Akwai wasu biyu a cikin goma sha ukun da a bakin hamadar nan tamu suke sauka. Kai, har ukun nan na Beethoven duk matafiya ne zuwa Afirka. Dausayin Haɗeja zuwa Nguru ya yi suna a duniya saboda irin waɗannan baƙi, kuma duk inda ruwa ya kwanta da rani, irin Sabke da Daberam, wurin duba su ne. Shamuwa da muka sani tana zuwa da damina ta tafi da kaka. Su kuwa suna isowa ne lokacin da take haɗa kaya.

Abin da ya sa ba mu san su ba, a nan ba su cika sakin murya ba. Waƙar ta neman aure ce da tsaron gida, a can suke yin ta. Nan abinci suka zo ci, su tara kitsen komawa. Wato Bafaranshe ya samu waƙar, mu muka ciyar da mawaƙin.

Ciyarwar kuwa tana da sharaɗi. A 1969 masu ƙidayar tsuntsaye a Ingila suka wayi gari fiye da rabin wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro bai dawo ba. Da aka bi sawu, sai aka tarar farin da ya fara a yankinmu ne ya cinye su a nan, farin da ya ci gaba har ya kai ga yunwar farkon shekarun 1970 da kakanninmu ke ba da labari. Masu binciken bishiyoyin Sahel kuma sun gano baƙin nan ba kowace bishiya suke sauka ba. Sun fi son masu ƙaya, musamman gawo, saboda shi ne ke fitar da ganye da fure da rani lokacin da sauran suka zubar, ƙwari kuma su taru a kansa. Bedi da muka cika gari da shi don inuwa bai cika yi musu amfani ba. Duk gawon da aka sare a gona aka ƙona gawayi, ko aka sassabe shi ƙarƙaf don dabbobi, rumbu ne aka rushe wa matafiyi. Ban da yaranmu da danƙo a aljihu, waɗanda ba ruwansu da ko tsuntsu daga Faransa ya zo.

Akwai kuma namu na gida, kanari da suda da marai da ragon maza da cilakowa, waɗanda suke yi mana a kunne kullum kyauta. Yau kusan kowane ɗalibi a makarantar nan yana da rikoda a aljihu, wayar da ta fi wadda Loriod ta riƙa saɓawa a kafaɗa. Na so a ce cikin furojet ɗin da ake bayarwa kowace shekara akwai guda na ɗaukar muryoyin tsuntsayen ƙasar Daura, da sunayensu na Hausa, da abin da tsofaffi ke cewa kowanne yana faɗa, tun da sauran tsofaffin da bishiyoyin.

Shi dai Messiaen bai tsaya a Faransa ba. Ya je Japan a 1962. A 1972 ya je kwazazzaban jihar Utah a Amurka, ya fito da wani dogon kiɗa a kan duwatsun da tsuntsayen wurin, har mutanen yankin suka sa wa wani dutse sunansa a 1978. Ya yi tafiya har tsibirin Sabuwar Kaledoniya a tekun Pasifik don ya ji wasu tsuntsaye da kunnensa, saboda wasan waƙa da yake shiryawa a kan Faransis na Assisi, waliyyin Kirista da aka ce ya yi wa tsuntsaye wa'azi. Shekara takwas ya yi a kansa, aka nuna shi a Paris ranar 28 ga Nuwamba, 1983, ya fi awa huɗu. A 1988, yana dab da cika shekara 80, ya je Ostareliya ya shiga daji da littafinsa don wani tsuntsu mai dogon wutsiya da ya ƙware wajen kwaikwayon muryar sauran tsuntsaye. Mai kwaikwayo ya je gaida mai kwaikwayo.

Wannan tsuntsun ya shiga babban aikinsa na ƙarshe da ya kammala. Messiaen ya rasu ranar 27 ga Afrilu, 1992, a wani asibiti a gefen Paris, yana da shekara 83, ba tare da ya ji shi ba. Sai a watan Nuwamba aka kaɗa shi a New York. Loriod ta zauna ta tattara rubuce-rubucen da ya bari a kan kiɗa da launi da tsuntsaye, aka buga su juzu'i bakwai. Na biyar ɗin, wanda ya ƙunshi kukan tsuntsaye zalla, ya yi yawan da sai da aka raba shi littafi biyu.